Kunnen Gawo na Ƙarshe

Duk wanda ya san Yalwa ta Gidan Ɗantala ya san ba ta da akuya ko ɗaya da ke kiwo a kwari. To me take zuwa yi can kullum da sassafe tun da ruwan fari ya sauka? Matan gari sun yi ta tambayar juna a bakin rijiya. Wata ta ce tafasa take tsinka, wata ta ce ai tsufa ne, ƙafa ba ta son zama. Babu wadda ta tambaye ta ita da kanta, don Yalwa mace ce da idan ka yi mata tambayar da ba ta so, sai ta dube ka daga ƙafa har kai, ta tambayi lafiyar uwarka, ta wuce abinta.

Kututture take zuwa dubawa. Wani tsohon gawo ne da iska ta kayar shekara tara da suka wuce a gefen gonarsu, can gindin dutse, inda ruwan tudu ke gangarowa ya nufi Ibohamane. Rassan an daɗe da cinye su a murhu. Gindin ne ya rage, shi ma da ba don Yalwa ta tsaya a kansa da bakinta ba, da tuni an tone shi kamar yadda aka tone sauran. A jikin wannan gindi, ta wajen da rana ba ta bugu, wani abu ya tsiro a bana, fari fat, bai fi kan babban yatsa ba.

Mutane suna haɗa shi da duk abin da ke tsirowa a danshi, su ce laimar kwaɗi. A gidansu Yalwa kuwa sunansa kunnen gawo. Ba shi da ƙafa, ba shi da laushi. Manne yake da itace, yana faɗi a hankali har ya kai tafin hannu biyu, bayansa ya yi ja yana sheƙi. Da shi uwarta take yi wa mutane maganin shawara. Gidansu gidan anna ne a da, kakanta ne ya fara salla, kuma an bar abubuwa da yawa tun daga lokacin, amma ba a bar maganin ba, ba a kuma bar dokokinsa ba. Kwana arba'in yake yi kafin ya nuna. Ba a faɗa wa kowa inda yake kafin a cire shi. Ba a sa masa ƙarfe. Ba a raba shi, ɗaya sukutum ake jefawa a tukunya, mai ciwo ya sha ruwan kwana bakwai. Kuma uku ake yi a jere, in ba haka ba an taɓa ciwon ne kawai, ba a kore shi ba.

Uku ake bukata, ita kuwa ɗaya gare ta. Wanda take yi dominsa yana kwance a ɗaki.

Iliyasu ke nan, ɗanta na fari. Ya dawo daga Abija da rani, idanunsa sun yi rawaya, wuyansa ya fita. Aka kai shi gidan likita a Madawa, inda dangin matarsa Nasiba suke, aka ɗebi jini. Lokotoro ya ce ƙwayar cuta ce a hanta, ta daɗe a ciki, ta ci wuri. Ya ba da ƙwayar magani, ɗaya kullum, Iliyasu kuma bai taɓa tsallake rana ba. Amma cikinsa sai ƙara tasowa yake, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya daina shiga.

Shekararsa talatin da huɗu a duniya, Yalwa ba ta taɓa kiran sunansa ba. Haka ake yi, ɗan fari ne. Kakarsa ce ta goya shi bayan yaye, ita ta yi masa wasa, ita ta yi masa kuka ranar kaciya. Yalwa in za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan", ko "mijin Nasiba". Ba ta shiga ɗakinsa, ba ta tambayar jikinsa a gaban mutane. Baƙon da bai san ƙasar Adar ba zai ce ba ta son shi. Ƙarya ne wallahi. Tana son shi kamar ranta ya fita, kuma tun da ya kwanta tuwo ya daina yi mata ɗanɗano.

Kunnen yana da kwana shida da tsirowa wata yarinya ta iso garin a bayan kabu-kabu, da jaka a baya da wani akwatin roba a cinya. Ta gaida maigari, maigari ya sa aka nuna mata gidan Yalwa. Sunanta Zulaiha, ƴar wani mushen lakwal ce, wato malamin makaranta, daga Buza, tana aikin binciken magunguna a Yamai. Yarinya mai ladabi, ba za a hana ta wannan ba. Ta cire takalmi, ta durƙusa, ta yi gaisuwa cikakkiya, ina kwana, ina gajiya, ina ruwa, ta sha furar da Nasiba ta kawo har ta kusa ganin gindin ƙwarya.

"Inna," in ji ta, "an ce mini gidanku ne anka san kunnen gawo."

Gaban Yalwa ya faɗi, amma fuskarta ko gezau. "An san shi a da," ta ce.

Zulaiha ta gyara zama ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce allurar nan penisilin da kowa ya sani, asalinta daga funfuna aka samo ta, irin wadda ke fitowa kan tuwon da ya kwana biyu. Amma akwai wasu ƙwayoyin cuta, su birus, masu kawo ƙyanda da mura da ciwon hanta, waɗanda penisilin ba ta ko taɓa su. Shi ne masu bincike suka koma wajen dangin funfuna da laimar kwaɗi suna dubawa, don an ga wasunsu suna ɗauke da abin da ke hana birus haihuwa idan an gwada a kwalba. A kwalba fa, ta nanata, ba a jikin mutum ba tukuna. Ita kuma tana yawo gari gari tana tambayar tsofaffi wanne iyayensu suka yi aiki da shi.

Da Yalwa ta ji an ambaci hanta, sai da ta dafa ƙasa. Ta saki baki kuwa, ta ba yarinyar labarin yadda uwarta take yi, sabuwar tukunya, ruwan rijiya ba na tabki ba, ɗacinsa da ke sa babban mutum hawaye, mutanen da aka kawo kan jaki suka koma da ƙafarsu, da waɗanda ba su koma ba, don Yalwa ba ta ƙara gishiri a zance. Zulaiha tana ta rubutawa, murna kamar ta tashi ta taka rawa.

"To Inna, akwai shi yanzu? Ina son in samu in tahi da shi Yamai."

Nan ne aka yi ɓarnar, kuma su biyun ne suka yi ta. Zulaiha ba ta faɗi yawan abin da take so ba. Ita a wajenta abin a fili yake, kowa a wurin aikinsu ya sani, har ba ta ga abin faɗi a ciki ba. Yalwa kuwa a duniyarta ba a raba kunnen gawo, don haka wanda ya ce a ba shi, duka yake nufi. Da wani ne ke kwance, ko ɗan ƙanwarta, ko autarta, da ta ce, "Ɗiyata, ɗaya gare ni, kuma ina da mai ciwo," magana ta fito fili, a daidaita. Amma ta yaya za ta buɗe baki a gaban baƙuwa, a gaban surukarta, ta ce tana ɓoyon abu saboda ɗan fari?

"Ya ƙare, ɗiyata," ta ce. "An tone kututturan an dahwa tuwo da su."

Daidai lokacin aka ji nishi daga ɗakin da ke kusa da rumbu. Zulaiha ta waiga. "Ba lahiya a gidan?"

"Wani ne ba ya jin daɗi," in ji Yalwa, ta ɗauki faifai ta rufe ƙwaryar fura.

Yarinya ta yi addu'ar sauƙi, ta yi godiya, ta hau kabu-kabu ta nufi hanyar Babankatami. Yalwa ta bi ta da kallo har ta ɓace, ranta ba daɗi, don ba ta saba ƙarya ba. Amma da za a sake tambayarta a ranar, abin da za ta sake faɗa ke nan.

Ta yi tsaron kunnen nan kamar mai tsaron jinjiri. Ta kewaye kututturen da ƙaya saboda awaki. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi kwari ya ɗauko, ta tsaya kan dutse tana kallon ruwan yana lasar gindin itacen, tana karanta duk abin da ta iya, har ya janye. Kunne ya yi ta faɗi. Farin ya koma baki baki, tsakiya ta yi ja. Shi kuma wanda ake yi dominsa ya daina fitowa inuwar zaure, sai dai a shimfiɗa masa tabarma a bakin ɗaki.

Kullum in ta dawo daga kwari takan tsaya daga nesa, ta juya baya kamar tana gyaran danga, ta ce, "Nasiba, an ci wani abu a ɗakin nan?"

Nasiba ta ce, "An sha kunu kaɗan, Inna."

Shi kuma daga kwance, idonsa a rufe, sai ya ce, "Nasiba, hwaɗa wa Inna ta bar zuwa kwari da sanyin sahiya, ƙahwarta na ciwo."

"Hwaɗa mishi ƙahwata ce."

Iyakar hirarsu ke nan, kuma kowannensu ya san abin da ɗayan yake nufi.

Ranar arba'in ta je da wata guntuwar sanda da dutse, ta yi bisimilla, ta ɓamɓaro shi a hankali ba tare da ya tsage ba. Ya cika hannuwanta biyu. Ta naɗe shi a gefen zane, ta shigo gida ta bayan rumbu, ta ɗora sabuwar tukunya. Ruwan ya fito baƙi-baƙi, warin itace ya cika tsakar gida. Nasiba ce ke kai ƙoƙon safe da yamma. Iliyasu yana sha yana runtse ido, bai taɓa barin ko ɗigo ba. A kwana na biyar ya ce a faɗa wa Inna ya ji jikinsa ya yi sauƙi. Ko da gaske ne, ko don ya faranta mata ne, Allah kaɗai ya sani. Ita dai ranar ta ci tuwo har da ƙari.

Kwana bakwai suka cika, kunnen ya zama tsumma a gindin tukunya, ta haƙa rami ta binne shi kamar yadda ake yi. Sai neman na biyu. Ta bi kwarin nan sama da ƙasa, ta shiga gonakin mutane tana leƙa gindin kowane itace, ta kai har fadamar garin gaba, ta dawo ƙafa ta kumbura. Ina! Ko kututturen ma babu, balle abin da ke tsirowa a kansa.

Tana zaune tana gasa ƙafar da ruwan zafi, kwana uku da ƙarewar tukunya, sai ga sallamar Zulaiha. Ta kawo sabulu da sukari, ta ce godiya ta zo yi kan hanyarta ta komawa, don labarin da Inna ta ba ta ya fi na kowa cika. Bayan gaisuwa ta buɗe akwatin robar nan, sanyi ya fito daga ciki, ta ɗauko wani ɗan faranti na gilashi mai murfi.

"Bari in gwada miki aikin namu, Inna. Wanga daga Babankatami na samo shi, wani iri ne dabam. Kin ga ɗan abin nan na tsakiya?"

Yalwa ta matso da ido. Wani ɗan ƙwalli ne a tsakiyar farantin, bai fi ƙwayar dawa ba. Daga jikinsa wani farin zare ya bazu kamar auduga, ya cika farantin har baki.

"Iyakar abin da nike ɗauka ke nan," in ji Zulaiha. "Zaren nan shi ne ransa. In ya cika sai in zuba shi cikin garin katako a leda, ya ci, ya hiddo da kunnuwa. Daga wanga ɗan ƙwallin sai a samu goma, ashirin, iya ledar da anka cika."

Yalwa ta ƙura wa farantin ido. Ruwan zafin ya huce a ƙafarta ba ta sani ba.

"Goma?" ta ce can.

"Har hiye."

"Daga wanga?"

"Daga wanga. Kai, ko kunnen ma ba sai na taɓa ba. Zaren cikin itacen yake zaune, kunnen ɗansa ne kawai. Ɗan ɓawon kututturen ya ishe ni."

Nasiba tana daka a gefe. Taɓarya ta tsaya a sama, sannan ta sulale ta faɗi ƙasa. Yarinyar nan da ba ta taɓa ɗaga murya a gaban surukarta ba ta fashe da kuka. "Inna na da shi! Wallahi tana da shi ranar da kinka zo. Mijina ne ke kwance, hanta ce, an dahwa mishi ɗaya ya shanye, biyu anka rasa!"

Zulaiha ta dubi Yalwa, Yalwa tana duban ƙasa. Ba ta tsawata wa Nasiba ba, ba ta musa ba. Kunya da baƙin ciki suka haɗu suka rufe ta, ta ji da ma ƙasa ta buɗe. Sai ta jawo takalminta ta cusa kumburarriyar ƙafar.

"Tashi," ta ce wa Zulaiha. "Ɗauko kayanki."

Zulaiha ta nemi izini ta fara leƙa mai ciwon. Ta daɗe a ɗakin. Ita ba lokotoro ba ce, amma ta ga cikin, ta ga idanun, ta karanta takardun Madawa, kuma da ta fito murnar da ta zo da ita babu ko kaɗan a fuskarta. Ta ce wa Nasiba kada ya bar ƙwayarsa ko rana ɗaya, kuma a mayar da shi wajen lokotoro a faɗa masa abin da ya sha, kada a ɓoye.

Suka gangara kwari, tsohuwa a gaba tana ɗingishi. Yalwa ta janye ƙayar da hannunta. Ga tabon inda kunnen ya fita, fari-fari a jikin baƙin itace. Zulaiha ta durƙusa, ta fito da wata ƴar wuƙa, ta goge ta da alkol, ruwan kashe ƙwayar cuta, ta gifta ta a wuta. Sannan ta tuna abin da ta rubuta a littafinta, ta tsaya.

"Inna, ƙarhe ne."

Yalwa ta dubi wuƙar. Dokar uwarta ce, ta kakarta, ba ta taɓa ganin an karya ta ba. Amma dokar ce ta kawo ta inda take.

"Sa mishi," ta ce.

Zulaiha ta ɓantari ƴan guntaye biyar daga cikin itacen, ta sa kowanne a kwalbarsa ta rufe. Yalwa ta tambayi kwana nawa.

"In ya kama, wata huɗu. Ƙila biyar." Ta ga yadda fuskar tsohuwar ta yi, sai ta kama hannunta. "Inna, ki ji ni da kyau, don Allah. Ban ce magani ne ba. Ban sani ba tukuna, kuma sanin kan ɗauki shekaru. Abin da nike iya alkawari, abinki ne, in ya hito ni da kaina nike kawo miki shi."

"Ke dai kawo," in ji Yalwa.

Aka shiga jira. Hatsi ya nuna, aka yanke, aka ɗaure dammuna. Lokaci lokaci Nasiba takan hau tudun da ke bayan gari, inda waya ke kamawa, ta dawo da labari daga wajen Zulaiha. Kwalba uku sun lalace, wata koriyar funfuna ta cinye su. Biyu sun kama. An zuba a leda. Leda ta yi fari. Yalwa ba ta taɓa cewa a je a tambaya ba, amma duk ranar da Nasiba ta hau tudun, za ka same ta a bakin ƙofa tana tsince wake da ba ya bukatar tsinta.

Sau biyu aka kai Iliyasu Madawa aka zuƙe masa ruwan ciki. A na biyun lokotoro ya keɓe da mazan da suka raka shi, suka dawo ba mai kallon idon wani. Ba wanda ya faɗa wa Yalwa komai, ita ma ba ta tambaya ba. Ranar da labari ya zo cewa ƴan fararen kawuna sun fara leƙowa daga ledojin, ta tsaya bayan danga ta ce, "Nasiba, hwaɗa a ɗakin nan cewa saura kaɗan."

Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa. "Hwaɗa wa Inna ina ƙoƙari."

Ya yi ƙoƙarin kuwa, Allah shaida. Ya kai har sanyi ya shigo, mutane suka sauka fadama dashen albasa. Wata Talata bayan la'asar ya cika, kansa a cinyar matarsa. Yalwa tana tsakar gida, taku goma tsakaninsu. Ta ji salatin Nasiba, ta ajiye abin da ke hannunta, ta shiga ɗakinta ta jawo asabari. Ba wanda ya ji kukanta. Masu ta'aziyya suka yi ta zuwa, tana amsawa da murya daidai, haƙuri sai ma'aiki, Allah ya ba da lada, har wasu mata suka fita suna yaba dauriyarta. Da sun san abin da ke cikin ƙirjinta da ba su yaba ba, da tausayi ya hana su magana.

Ba wanda ya tuna da hawa tudu. Nasiba ta shiga takaba, wayar ta mutu a ƙasan akwati. Kwana goma sha tara da rasuwar, da hantsi, kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida. Zulaiha ta shigo da kwali a rungume, fuskarta cike da fara'a, bakinta ɗauke da sallama. Sai ta ga Nasiba zaune a bakin ɗaki cikin tsohon zane, ba ɗan kunne, ba kwalli, ɗakin a buɗe, an naɗe tabarmar an jingine. Sallamar ta mutu a bakinta. Ta ajiye kwalin a ƙasa, ta durƙusa, ta yi gaisuwar da ba ita ta zo yi ba.

Yalwa ta amsa. Sannan ta miƙa hannu. "Miƙo in gani."

Ta ɗora kwalin a ƙafafunta ta buɗe. Goma sha ɗaya ne, an jera su a cikin takarda, jajaye, suna sheƙi. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta ƙwanƙwasa bayansa da farce, ta shinshina, ta ɗan lasa gefen. Ɗacin ya kama mata harshe. Shi ne, babu ko tantama. Ko zamanin uwarta, da kwari ke cike da itace, ba ta taɓa ganin goma sha ɗaya wuri guda ba.

Ta mayar da shi wurinsa a hankali.

"Ɗiyata, ina tambayarki, kuma kada ki ji tausayina. Ranar da kinka hwara zuwa, da na kai ki kwari, da ya iske shi?"

Zulaiha tana iya yin ƙarya. Kalma ɗaya ce, babu wanda zai kama ta, kuma Nasiba tana can tana roƙonta da ido. Ta buɗe baki da niyyar yin ƙaryar, sai ta ga yadda tsohuwar ke dubanta, ta san ba za ta karɓa ba.

"Da ya iske shi, Inna. Da kamar sati uku." Hawaye suka zubo mata. "Ni ma laihina ne, da na hwaɗi ɗan abin da nike so tun ranar. Amma ki ji sauran maganar, don Allah. Ko da ya iske shi, ban san ko zai yi mishi komai ba. Hantar ta riga ta yi nisa. Gwajin ma yanzu munka hwara shi. Wallahi tallahi ban sani ba."

Yalwa ta gyaɗa kai.

"Na ji," ta ce. "Ke ba ki sani ba. Ni ban sani ba. Lokotoro ma bai sani ba." Ta ɗora tafin hannunta bisa murfin kwalin. "Da na buɗe bakina, da yau mun sani."

Zulaiha ta share hawayenta. Nasiba ta tashi ta shige ɗaki. Can aka kira azahar, maƙwabta suka fara zuba ruwa a buta, Yalwa tana nan zaune da kwalin a ƙafafunta, ba ta tashi ba.